Mu kare karnukanmu daga kaska da ƙuma

Jawabin da magatakardan ƙungiya ya yi gaban wakilan makiyaya a taron shirin bazara



Iyayenmu arɗo-arɗo, shugabannin rassa, uwayenmu mata, da samari masu bin garke, muna yi muku barka da zuwa, muna yi muku sannu da hanya. Mun san akwai waɗanda suka baro bisashensu bakin rijiya, suka yi tafiyar yini guda don su zo wurin nan. Allah ya saka da alheri.

Duk lokacin da muka taru, maganarmu ba ta wuce burtali, mashaya, wurin kiwo, tsadar dusa da rikicin ɓarnar gona. Yau mun zo da magana dabam, maganar kare. Mun ga wasu sun fara murmushi. To, ku bari mu ba ku labarin abin da ya sa muka kawo ta.

Bara, farkon damina, mun kai ziyara wani zango arewa da Dakoro. Mun tarar da mai gida cikin ɓacin rai. Yana da karnuka 2, kaska ta rufe musu kunnuwa, sun rame, ba su ko iya haushi. Yaronsa ya ji tausayinsu, ya je kasuwa ya sayo maganin feshin wake, ya dama da ruwa, ya yi musu wanka da hannunsa. Kafin la'asar karnukan duka sun mutu. Shi kuma yaron ya kama amai da ciwon kai, sai da aka kai shi likita bisa amalanke. Allah ya sa ya tashi. Amma cikin sati 2 da suka biyo baya, dila ya ɗauke ƴan awaki 7 a zangon nan, don babu mai haushi da dare.

Ku duba hasarar nan. Da kaska ta fara, ta ƙare da ƴan awaki 7, da kuɗin likita, kuma saura kaɗan a rasa rai. Kare ba ya ba da nono, ba a kai shi kasuwa, shi ya sa ba mu lissafa shi cikin dukiya. Amma shi ne mai gadin dukiyar. Shi ke jin motsin kura da dila da ɓarawo tun muna barci. Malamai ma sun gaya mana cewa addini ya yarda a riƙe kare don kiwo, da farauta, da gadin gona. Wanda ya yi mana aiki kuwa yana da hakki a kanmu.

Kaska: yadda take rayuwa

Ba a yaƙi da abin da ba a sani ba. Kaska iri-iri ce. Akwai mai ado, mai zane-zane a baya, wadda manyanta ke fitowa da saukar ruwan farko, suna kama hantsar saniya da ƙarƙashin ciki. Ita ce ke buɗa wa ƙirci ƙofa. Akwai mai dogayen ƙafafu masu ratsi, wadda muke samu ƙarƙashin wutsiyar shanu da raƙuma. Duka biyun suna hawa kare in sun same shi. Amma akwai wata ƴar ja-ja, mai launin ƙasa, wadda kare ne abincinta na asali. Ita ce muke gani jere cikin kunne, da tsakanin yatsun ƙafa, da wuya.

Wannan kaskar kare sau 3 take shan jini a rayuwarta. Tana ƙyanƙyashewa ƴar mitsitsiya kamar ƙwayar yashi, da ƙafa 6. Ta hau kare, ta sha kwana kaɗan, ta faɗo ƙasa, ta ɓuya, ta sake fata, ta fito da ƙafa 8. Ta sake hawa, ta sha, ta faɗo, ta sake fata, ta zama babba. Sai ta hau karo na uku. Macen tana shan jini wajen sati guda har ta kumbura kamar ƙwayar gujiya, sannan ta faɗo ta nemi tsaga. A nan take zuba ƙwai da ke iya kai 4000, sannan ta mutu.

Ke nan kaskar da muke gani bisa kare kaɗan ce. Mafi yawanta na ɓoye cikin tsagar bango, ƙarƙashin rumbu, cikin ɓawon icce, cikin tsohuwar tabarma da buhunan da kare ke kwanciya a kai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kaska ma haka ne. Tana kuma hawa sama, shi ya sa ake ganinta tana tafiya bisa bangon ɗaki.

Me ya sa muke maganarta yanzu? Domin zafi ke hanzarta ta. Cikin ɗari ƙwai na daɗewa bai fashe ba. In zafi ya shigo, daga ƙwai zuwa babbar kaska mai zuba nata ƙwan yana iya ɗaukar wajen wata 2 kawai. Wannan irin yana jure fari fiye da sauran, kuma babbar tana iya zama fiye da shekara ba ta sha jini ba, tana jira. Masana sun gano cewa in zafi ya tsananta, ta fi saurin cizon mutum ma. Bazararmu kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40.

Ƙuma: ƙarami mai babbar ɓarna

Ƙuma ba ya manne wuri guda kamar kaska. Yana gudu cikin gashi, yana tsalle. In kun shafa gashin kare baya-baya wajen gindin wutsiya, kuka ga baƙin gari kamar barkono, to kashin ƙuma ne. Ku zuba shi bisa farin ƙyalle mai lema, za ku ga ya yi ja, don jinin kare ne.

Macen ƙuma tana iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana guda. Ƙwan ba ya mannewa, zubewa yake yi duk inda kare ya kwanta. Ya fashe ya zama ƴar tsutsa mai gudun haske, ta shige cikin ƙasa da juji, ta naɗe kanta cikin ɗan gida, sannan ƙuma ya fito. In da ɗumi da lema, sati 2 zuwa 3 ya isa. Likitocin bisashe sun ƙiyasta cewa cikin kashi 100 na ƙuman da ke gida, wajen kashi 5 kawai ke bisa jikin dabba. Kashi 95 na ƙasa.

Tsutsar ƙuma ba ta jure bushewa da rana mai ƙuna. Shi ya sa tsakiyar bazara ƙuma ke raguwa a fili. Amma ku lura da inda kare ke kwanciya lokacin. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, don haka yakan tona rami gindin randa, ko bayan kwamin ban ruwa, ko ƙarƙashin rumbu, wurin inuwa da sanyi. Nan ne ƙuma ke rayar da irinsa. Da ruwan farko ya sauka, iska ta yi lema, sai ya yaɗu ko'ina.

Wanda ke naɗe cikin ɗan gidansa kuma yana iya jira watanni. Motsi da ɗumin jiki ke tashe shi. Dukanmu mun taɓa komawa tsohon zango, muka ga ƙafafunmu sun yi baƙi da ƙuma nan take. Ba aljanu ba ne, jiranmu yake.

Kada mu ce matsalar kare ce kaɗai. Irin ƙuman da ke kan kare da kyanwa shi ne ke hawa ƴan awaki, ƴan tumaki da ƴan maruƙa a turke. Yana shanye musu jini har su yi fari, su kasa tsotso, su mutu. Akwai kuma ƙuman kaji, wanda ke manne wa gefen kunnen kare ya yi cunkus. Gida guda ne, ƙasa guda ce, saboda haka maganin kare, na turke da na akurki tare suke tafiya.

Cututtukan da suke kawowa

Na farko, ƙarancin jini. Babban kare yana iya ɗauka na ɗan lokaci, kwikwiyo kuwa mutuwa yake. Ga yadda ake ganewa: ku ɗaga leɓen kare ku dubi dasashi, ko ku ja fatar ido ƙasa. Mai lafiya ja-ja ne. In ya yi fari kamar nono, jini ya ƙare. In ya yi rawaya, ciwo ya yi nisa.

Na biyu, zazzaɓin kaska. Akwai ƙwayar cutar da likitoci ke kira Erlikiya, wadda aka fara ganowa jikin karnuka a Aljeriya a 1935. Kaskar kare ce ke ɗauke da ita. Kare ya yi zazzaɓi, ya ƙi abinci, ido ya yi kwantsa, wani lokaci jini ya riƙa fita ta hanci. Yakan yi kamar ya warke, bayan watanni ciwon ya dawo ya kashe shi. Akwai kuma Babeziya, mai fasa jini, ƴar uwar wadda ke sa shanu fitsarin jini. Fitsarin kare ya koma kamar ruwan shayi. Babeziya na bukatar kaska ta yi kwana 1 ko 2 manne kafin ta shiga jini, Erlikiya kuwa awoyi kaɗan sun isa. Shi ya sa cire kaska da wuri ke da amfani. Akwai ma wata cutar da kare ke ɗauka in ya haɗiye kaska. Don haka kada a cire a jefa masa ya cinye.

Na uku, tsutsar ciki. Kare na cizon jikinsa don ƙaiƙayi, ya haɗiye ƙuma, ƙuman kuwa na ɗauke da ɗan tsutsa mai faɗi. Sai ku ga abu kamar ƙwayar shinkafa yana motsi cikin kashinsa. Ƙaramin yaro mai rarrafe da ya haɗiye ƙuma shi ma yana iya kamuwa.

Na huɗu, wanda ya shafe mu kai tsaye. Kaska mai dogayen ƙafafu tana ɗauke da zazzaɓi mai zubar da jini, wanda ake kira zazzaɓin Kirimiya da Kwango. Dabba ba ta nuna alama, mutum ne ke shan wuya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, daga 10 zuwa 40 na rasuwa, kuma babu allurar rigakafinsa a hannun jama'a. Ya ɓarke a Muritaniya a 2003, ƙasar makiyaya irinmu. Yana shiga ta cizon kaska, ko ta jinin dabbar da aka yanka, ko ta murƙushe kaska da farce. Wannan al'adar tamu ta fasa kaska tsakanin yatsu, mu bar ta daga yau.

Abin da za mu yi da hannunmu

Rigakafi ya fi magani, kuma rabin aikin nan ba ya cin ko dala.

1. A duba kare kullum. Da yamma, in garke ya dawo, wanda kare ya saba da shi ya zauna ya duba kunne ciki da waje, wuya, hammata, tsakanin yatsu da gindin wutsiya. Babba ya yi, ko saurayi mai hankali, ba ƙaramin yaro ba.

2. A cire kaska yadda ya kamata. A kama ta da matsefata dab da fata, wajen kai, a ja a hankali a miƙe, ba fizga, ba matse cikinta. In babu matsefata, a sa leda a hannu. Kada a ɗosa mata garwashi ko a shafa mata kananzir tana bisa jiki. A jefa ta cikin wuta, ko cikin gwangwani mai kananzir. Kada a yar da ita ƙasa, don macen da ta ƙoshi ƙwai 4000 ce kuka shuka. A wanke wurin da sabulu, a wanke hannu.

3. Wanka da sabulu. Ruwan sabulu na kashe ƙuman da ke jiki. A fara da wuya don kada su gudu zuwa kai, a bar kumfa ta ɗan jima, a ɗauraye. Amma ku sani ba ya hana na ƙasa hawa gobe. Ga kwikwiyo ɗan ƙasa da wata 2, wankan sabulu da taje gashi da matajin ƙwarƙwata shi ne mafi aminci. A shanya shi da wuri kada sanyi ya kama shi.

4. A gyara makwanci. Kowane sati a share wurin da kare ke kwanciya, a ƙone sharar. Buhu ko tsumman da yake kwanciya a kai, a wanke, a shanya cikin rana tsaka. In ya tsufa, a ƙone. Ramin da ya tona gindin randa, a tone ƙasar a baje ta a rana, a zuba sabon yashi. Masu ɗakin ƙasa su liƙe tsaga kafin damina. Wanda zai ƙona shara kuma ya kula da iska, ya tsaya har wuta ta mutu. Mun san abin da gobarar daji ke yi mana.

5. A raba makwancin kare da turken ƙananan bisashe, da akurkin kaji, da shimfiɗar yara. A ba shi inuwarsa da kaskon ruwansa, ba sai ya je gindin randa ba.

6. A ciyar da shi. Karen da ya ƙoshi ya fi jure ciwo. Ragowar tuwo da tsala ba su da tsada. Amma kada a ba shi kan tunkiyar da ta mutu da ciwon juwa, ko huhu da hanta masu ƙullutun ruwa. Daga nan yake ɗaukar tsutsa, ya zubar da ƙwanta cikin ciyawa, tumaki su ci, ciwon ya dawo garke.

Iyayenmu suna dafa ganyen dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, su wanke dabba da ruwan, ko su shimfiɗa ganyen a makwanci. Ba mu raina shi ba. Yana korar ƙwari kaɗan, na kwana kaɗan. Amma in kaska ta riga ta yi yawa, ba ya isa shi kaɗai.

Maganar magunguna

A nan ne muka fi yin kuskure. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abubuwan da ba a sa wa kare ko kaɗan: maganin feshin gona, na wake ko na auduga ko na fara, piya-piya da ire-irensa da ake sayarwa cikin kwalba ba suna, baƙin man mota, kananzir da fetur. Dukansu suna ratsa fata su shiga jini, kuma kare na lasar jikinsa. Maganin lindan, wanda dattawa suka sani da sunan gamalin, ƙasashen duniya sun sa shi cikin jerin haramtattu tun 2009. Wanda ya kawo muku shi, guba ya kawo muku.

Maganin kaskar shanu kuma, irin su amitaraz, sifametirin da deltametirin, an auna ƙarfinsu ne don saniya mai kilo 250 ko fiye. Karenmu na daji, irin na Azawak mai dogayen ƙafafu, nauyinsa kilo 15 zuwa 25 ne, fatarsa siririya, ba shi da kitse. Abin da saniya ta ɗauka lafiya yana iya kayar da shi. Ana yi wa kare wanka da amitaraz, amma sai da awon da likitan bisashe ya faɗa, ba da murfin kwalba da ƙiyasi ba. Ba a yi wa kwikwiyo ɗan ƙasa da wata 4, ko kare marar lafiya. Amitaraz na kashe doki, kuma kada a kusanta shi ga jaki. Fametirin, wanda ke cikin wasu magungunan kare, yana kashe kyanwa.

Allurar Berenil, ko Veriben, da muke yi wa shanu don sammore, ita ma likitoci na amfani da ita ga kare mai fitsarin jini. Amma tazarar da ke tsakanin magani da mutuwa ƴar kaɗan ce. In an zarce awo, ko aka maimaita, tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya shanye, ya mutu. Wannan aikin likita ne, bayan an auna nauyi. Ibamektin kuma ba ya maganin ƙuma, kada a ɓata kuɗi. Erlikiya maganinta ƙwayar dokisisikilin ce, kullum har kwana 28. Wanda ya tsaya a kwana 5 don ya ga sauƙi, ciwon na nan kwance. Tsutsar da ƙuma ke kawowa maganinta farazikwantel, amma in ba a kashe ƙuman ba, za ta dawo.

Akwai magungunan da aka yi don kare takanas. Akwai fifronil, wanda ake sayarwa da sunan Frontline da wasu sunaye, ana ɗiga shi bisa fata a ƙeya, yana aiki wajen wata guda. Ba a yi wa kare wanka kwana 2 kafin a sa da kwana 2 bayan an sa. Akwai abin wuya mai magani, mai kai wata 5 zuwa 8 gwargwadon irinsa, kuma ba abin wasan yara ba ne. Akwai ƙwayoyin haɗiya: NexGard da ta fito a 2013, ta wata guda, da Bravecto da ta fito a 2014, ta wata 2 zuwa 3. Suna kashe kaska da ƙuma duka. Karen da ke farfaɗiya, a gaya wa likita kafin a ba shi. Gaskiya suna da tsada, kuma an fi samunsu a manyan birane. Amma mutum ya auna kuɗin ƙwaya guda da kuɗin ƴan awaki 7.

Duk wanda za a saya, a saya wurin likitan bisashe ko mataimakinsa, ko kantin magani mai izini. Maganin da ya yini cikin rana bisa tebur a kasuwa, ko na gaske ne ya lalace, balle jabu. Araha ba ta ado. A duba ranar ƙarewa. A yi wa karnukan zango duka rana guda, in ba haka ba wanda aka bari zai sake raba wa sauran.

Kada kuma a rage awo don magani ya daɗe. Haka ake koya wa kaska jure magani. An ga misali da wata kaskar shanu da ta shigo Afirka ta yamma daga waje, aka gano ta a Kodebuwa a 2007, ta bazu Benin, Burkina Faso, Mali da Najeriya, kuma magunguna da yawa ba su jin ta.

Mai haɗa magani ya sa leda ko safa a hannu, ya juya wa iska baya, kada ya ci goro ko ya sha taba har ya wanke. Mace mai ciki da yara su nisanta. Ba a wanka da magani bakin rijiya ko tabki, don yana kashe kifi da ƙudan zuma, kuma mu ke shan ruwan. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne. Kada a zuba nono ko man shanu ciki.

In guba ta kama kare, alamunta su ne dalalar miyau, makyarkyata, amai, zawo, tangaɗi, ko barci mai nauyi. A wanke shi nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa, a sa shi inuwa, a nemi likita, a tafi da kwalbar don ya san abin da aka sa. Kada a ɗura masa mai ko madara. In mutum ne, a cire tufafin, a wanke jiki, a kai shi likita ba jira.

Ƙaura ma magani ce

Ƴan uwa, akwai abin da ya haɗa maganar nan da maganarmu ta kullum. A da, kakanninmu ba su daɗewa wuri guda. Kafin ƙwan kaska da na ƙuma su fashe su yi yawa, sun tashi, rana da yunwa su rage ƙwarin da aka bari. Yanzu gonaki sun ci wuraren kiwo, burtali ya matse, mun taru bakin famfo da rijiya guda watanni, shanu, awaki, karnuka da mutane bisa ƙasa guda. Dole ƙwari su yi yawa. Dokar kiwo ta ƙasarmu Nijar, mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010, ta ce yawon kiwo hakki ne na makiyayi, kuma ta zo ne bisa tushen dokar karkara ta 1993. In muna neman a kiyaye burtali da mashaya, lafiyar garke muke nema, har da ta mai gadinsa. Wanda zama ya kama, ya riƙa gusa turke da makwancin kare lokaci-lokaci, ko da taku 50 ne.

Shawarwarin da muka kawo

Na ɗaya, kowane reshe ya ƙidaya karnukan zangunansa kafin ruwa ya sauka, ya kawo lissafi ofishin ƙungiya.

Na biyu, rassan da ke kusa su haɗa kuɗi a sayo magani mai kyau a dunƙule ta hannun likitan bisashe, ya zo ya auna, ya nuna yadda ake sawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, za mu roƙi ma'aikatar kiwo cewa in ma'aikatanta sun fito rigakafin shanu da ƙananan bisashe na shekara, su riƙa duba karnuka, su zo da allurar haukan kare. Wannan ciwo na kashe mutum wajen 59.000 a duniya kowace shekara, kusan duka daga cizon kare, kuma da yawansu yara ne. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a kai shi likita ranar.

Na huɗu, a koya wa mataimakan likita na ƙauyuka awon maganin kare, ba na shanu kaɗai ba.

Na biyar, uwayenmu mata, ku ke gida, ku ke ba kare abinci, ku ke fara ganin ƙuma bisa ƴan awaki da yara. Muna roƙon kowane reshe ya sa mace cikin masu kula da wannan aiki.

Wanda ya ji, ya kai wa wanda bai zo ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Yau da yamma, in kun koma, ku kira karenku, ku buɗe kunnensa, ku ɗaga leɓensa, ku ga abin da ke nan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da dukiyarmu, ya mai da kowa gida lafiya.